Launin teburin tsakiyar kicin: nazarin wani gida a Kano

Gidan sabon gini ne a bayan birnin Kano, irin mai kicin biyu. A na waje ake tuƙa tuwo, a soya nama, a kafa babbar tukunya ranar suna ko Sallah. Na ciki na shayi ne da girkin yau da kullum, kuma yana kallon ɗakin cin abinci ta wata faffaɗar ƙofa marar ƙyaure. Tsawonsa mita 4.8, faɗinsa mita 4.2. An riga an kafa kabad a bango biyu da suka haɗu a kusurwa, an shimfiɗa tayil, an sayi dutsen da za a ɗora a sama. Abin da ya rage shi ne teburin tsakiya, wanda yake tsaye shi kaɗai bai jingina da bango ba, kuma a kan launinsa ne aiki ya tsaya cik.

Uwargida tana son shuɗi mai duhu mai sheƙi, irin wanda ta gani a hotunan Instagram. Maigida yana ganin a yi fari a huta. Kafinta kuwa a shirye yake ya yi duk wanda aka ce, muddin dai akwai allonsa a kasuwa. Babu wanda ya tambayi tayil ɗin da ke ƙasa ko tagar da ke bango, alhali su ne ke da ta cewa.

Girman abin da za a yi wa launi

Kafin a yi maganar launi sai an san iyakar fuskar da zai rufe. Teburin tsawonsa santimita 200, zurfin jikinsa 65, tsayinsa 90 har da dutse. Dutsen ya zarce jikin da santimita 30 ta ɓangaren ɗakin cin abinci don gwiwar mai zama ta samu wuri, kuma an ware santimita 60 ga kowace kujera, wato kujeru uku. Tsakaninsa da kabad ɗin bango an bar santimita 110, yadda mutum biyu za su gifta ko da an buɗe durowa.

In aka haɗa gaban durowoyi da bayan da ke fuskantar kujeru da gefe biyu, fuskar da ido zai gani ta haura murabba'in mita 4 da kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗaki mai murabba'in mita 20, musamman da yake duk a tsakiya yake, kuma mai zaune a ɗakin cin abinci shi zai fara gani. Launin da ya yi kyau a ɗan guntun samfuri mai faɗin tafin hannu yakan ƙara ƙarfi in ya bazu haka. Mai haske ya ƙara haske, mai duhu ya ƙara nauyi.

Abubuwan da ba za su sauya ba

Uku ne: tayil, dutse, taga.

Tayil ɗin mai santimita 60 a kan 60 ne, kowa a gidan yana ce masa fari. Da aka ɗora farar takardar rubutu a kansa sai ga shi ruwan madara ne mai sirkin rawaya. Wannan gwaji na takarda shi ne mafi arha a duk harkar, kuma shi ne ake yawan tsallakewa. Ido ba ya ganin sirkin da ke cikin fari sai an ajiye masa fari tas a gefe. Kabad ɗin bango ma haka suka fito, fari mai ɗumi, kusa da lamba 9001 a jadawalin launuka na RAL, tsarin da aka kafa a Jamus a 1927 wanda masu haɗa fenti da yawa suke aiki da lambobinsa.

Dutsen giranit ne baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ɗan kore a wasu wurare. An yi dabara da ba a sayi marmara ba, domin lemun tsami da tsamiya da zoɓo suna cin fuskar marmara su bar tabo marar sheƙi, giranit kuwa yana jurewa. Amma baƙin dutse yana da sharaɗinsa: ya riga ya kawo duhu mai faɗin santimita 200 a kan 95 tsakiyar ɗaki, duk abin da za a sa a ƙarƙashinsa sai an yi lissafi da wannan.

Tagar guda ɗaya ce, tana kallon yamma. Da hantsi kicin ɗin a inuwa yake, hasken da ke shiga mai sanyi ne. Daga bayan azahar rana take faɗowa ciki, da la'asar sakaliya kuma hasken ya koma ja-ja ya kwanta kai tsaye a gefe ɗaya na teburin. Launi ɗaya zai yi kama biyu a yini guda, kafin ma a kunna fitila.

Yadda aka yi gwajin

Aka sa kafinta ya yanko alluna huɗu, kowanne santimita 50 a kan 75, daidai girman ƙofar kabad ɗaya. Na farko shuɗi mai duhu mai sheƙi, kusa da RAL 5011. Na biyu fari na allon melamin da ake samu a kasuwa, irin wanda aka riga aka lulluɓe a masana'anta. Na uku mai zanen katako ruwan makuba. Na huɗu kore mai sirkin toka da ƙasa, RAL 6013, wanda aka fesa da fenti mai ɗan sheƙi kaɗan.

Ba a kwantar da su a kan tebur ba. Aka jingine su a tsaye a kan tayil, daidai inda teburin zai zauna, aka ɗora guntun giranit ɗin a saman kowanne. Dalili kuwa, allon da ke kwance yana shan hasken silin gaba ɗaya, ya fito da haske fiye da yadda zai kasance. Jikin tebur a tsaye yake, kuma ta ɓangaren kujeru yana ƙarƙashin inuwar dutsen da ya zarce, don haka kullum ya fi samfurin da aka gani a shago duhu. Aka bar su kwana uku ana dubawa da hantsi, da azahar, da la'asar, da bayan isha'i, har da lokacin da aka ɗauke wuta aka kunna fitilar caji. A cikin watan Janairu aka yi wannan, hunturu na tsakiya, kuma aka hana kowa goge su.

Shuɗin ne ya fara faɗuwa, kuma ta hanya uku. Tun a rana ta farko ƙura ta nuna a kansa. Ƙurar hunturu fara-fara ce mai ɗan ruwan ƙasa, a kan duhu mai sheƙi kuwa kowane ƙwayarta sai ta fito, duk inda yatsa ya taɓa kuma ya bar shaida. Hotunan da ake gani a waya an ɗauke su ne minti kaɗan bayan an goge, da fitilun ɗaukar hoto, galibi kuma a ƙasashen da ba su san hazo ba. Na biyu, shuɗi da rawaya kishiyoyi ne, kowanne yana ƙara fito da ɗayan. Da aka ajiye allon a kan tayil sai sirkin rawayar da ba a gani a da ya bayyana, ƙasan ta yi kamar ta tsufa tun ba a tare ba. Na uku, da aka ɗora baƙin dutse a kai sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace. Da daddare dutse da jiki suka zama dunƙulen duhu guda, kuɗin da aka kashe a kan giranit mai ɗigo ya tafi a banza tunda ba a ganinsa.

Akwai ma'aunin da ke bayyana wannan. Kamfanonin fenti sukan rubuta wa kowane launi lambar LRV, daga 0 zuwa 100, wadda ke nuna yawan hasken da yake mayarwa. Shuɗin nan bai kai 5 ba, kusan ɗaya yake da baƙin dutsen. Kabad ɗin bango sun haura 70. A irin wannan ɗaki, mai baƙin dutse a sama da farar ƙasa, abin da ake nema shi ne launin da ke tsakiya, wajen 20 zuwa 35, wanda zai bambanta da duka biyun ba tare da ya yi faɗa da ko ɗaya ba.

Farin maigida ya ci gwajin ƙura, domin ba ta cika nunawa a kansa ba. Inda ya faɗi shi ne gefen kabad ɗin bango. Farin melamin ɗin mai sanyi ne, yana da ɗan sirkin shuɗi, da aka jera su sai na bangon suka koma kamar sun sha hayaƙi. Fari biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba sun fi launuka biyu mabambanta muni, saboda mai kallo yana ɗauka kuskure ne. In za a yi fari, to dole ya zama allo ɗaya daga kamfani ɗaya da na bango, kuma wannan allon ya ƙare a wurin dillalin. Ga kuma maganar ƙafa: yara uku za su zauna nan kowace safiya da takalman makaranta suna lilo da ƙafafu, kuma bayan teburin ne zai sha dukan.

Mai zanen katako bai yi laifi sosai ba. Ya ɓoye ƙura, ya ɓoye yatsa. Matsalarsa zane ya yi yawa: dutse mai ɗigo a sama, jijiyar katako a ƙasa, ga tayil mai ɗan gajimare. Da la'asar kuma jan da ke cikinsa ya tashi har ya yi kusa da ruwan goro. Da dutsen fari ne marar zane, da shi za a zaɓa.

Koren ne ya rage, kuma ba don sauran sun faɗi kawai ba. Yana da sirkin rawaya irin na tayil, don haka suka zauna lafiya. Ya ɗauko ɗigon kore da ruwan ƙasa da ke cikin giranit ɗin ya fito da su. Ƙurar kwana uku ta kwanta a kansa amma sai an matso ake ganinta, domin haskensa bai yi nisa da nata ba.

Rigimar fitila

Uwargida ba ta amince nan take ba, kuma tana da hujja. Da daddare ta ce allon ya koma kakin soja. Gaskiya ne. Kwan da ke silin a lokacin mai lamba 2700K ne, irin mai haske rawaya, ya cinye koren ya bar ƙasa-ƙasar. Da aka gwada mai 6500K, farin nan tas da ya cika kasuwa wanda fitilun caji ma shi suke bayarwa, sai allon ya koma toka marar rai, kabad ɗin bango kuma suka yi fatau. A 4000K ne launin ya tsaya yadda ake ganinsa da hantsi.

Saboda haka aka tsayar da fitila kafin a sayi fenti, ba bayan an gama ba. Aka sauya duk ƙwayayen kicin zuwa 4000K, aka nemi masu lambar CRI 90 ko sama, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya. Masu arha galibi 70 zuwa 80 ne, kuma ja ne ya fi shan wahala a ƙarƙashinsu, har tumatir da nama sukan yi kamar sun kwana. Aka rataye fitila biyu a saman teburin, santimita 80 daga fuskar dutse. Kada a gauraya lambobi a ɗaki ɗaya. In na silin 6500K ne na saman tebur kuma 3000K, gaban teburin da gefensa za su zama launi biyu.

Gwajin tabo da yawan sheƙi

Tunda launin ba ya cikin allunan da aka riga aka lulluɓe a masana'anta, sai fenti. Wannan yana da farashi: melamin ya fi fenti jure karce, kuma ya fi arha. Abin da fenti ya fi shi da shi biyu ne, ana samun launin da ake so daidai, kuma ana iya sake fesawa bayan shekaru.

Aka fesa ƙananan alluna uku da launin ɗaya: marar sheƙi sam, mai ɗan sheƙi, da mai sheƙi sosai. A kan kowanne aka ɗiga manja, da zoɓo, da miyar tumatir mai kurkum, aka bar su awa ɗaya sannan aka goge da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Marar sheƙin ya riƙe inuwar manja, wurin da aka dirza kuma ya yi santsi ya fara ƙyalli, tabon da ba ya gyaruwa sai an sake fesawa. Mai sheƙi sosai ya fita tas amma ya nuna kowane layin tsumma, kuma da la'asar yana mayar da rana cikin idon mai yanka albasa. Mai ɗan sheƙin, wajen kashi 20 zuwa 30 a ma'aunin masu fenti, shi ya fita tas ba tare da ƙyalli ba. Kurkum ya bar ɗan rawaya a duka ukun, sai dai a kan wannan kore da ƙyar ake ganinsa. A kan fari da ya zauna daram.

Aikin fesawa

Gangar jikin teburin filawud ne mai kauri milimita 18, saboda ya fi riƙe sukurori kuma ya fi jure ruwa. Fuskokin da za a fesa kuwa MDF ne, allon da ake yi da matsattsen garin katako, mai jure laima, shi ma milimita 18, domin ba shi da jijiyar da za ta fito ta cikin fenti. Falle ɗaya santimita 122 ne a kan 244, kusan murabba'in mita 3. A lissafi falle biyu sun isa, amma bayan teburin kaɗai yana cinye mafi yawan falle guda, ragowar kuma ba ta ba da girman da ake so, don haka aka sayi uku.

Matakan su ne waɗannan. A goge fuska da samfefa mai lamba 180 sannan 240. A ɗan kashe kaifin kowane gefe, domin fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi, kuma daga nan yake fara ɓarewa. A toshe bakin yanka da abin toshewa sau biyu, saboda bakin MDF yana shan fenti ya bar kaushi. A fesa fentin share fage sau biyu, a goge da 320 a tsakani. A nan aka nemi mai ruwan toka maimakon fari, don in wani abu ya daki teburin ya ɓare, kada farin ɗigo ya leƙo ta cikin kore. Daga nan a fesa launin sau biyu da fenti mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani. A fesa bayan ƙofofi da durowoyi ma, in ba haka ba fuska ɗaya za ta sha laimar damina fiye da ɗayar, allon ya lanƙwashe.

Sinadarin ƙarfafawar yana da illa ga huhu, don haka ba a fesa shi a cikin gida, kuma takunkumin tsumma ba ya kare mai fesawa. A wajen aikin mai fenti aka yi, a ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa ƙasansa ruwa don ƙura ta kwanta. Fesawa a fili cikin hunturu asara ce kawai. Fentin yana bushewa ga taɓawa cikin awoyi, amma sai ya yi kamar mako guda kafin ya yi tauri sosai. In aka naɗe alluna da leda ko aka jera su a kan juna kafin nan, shatin zai zauna.

Inda aka samu matsala

An ƙiyasta lita 2 na launi za su isa, aka ba da shawarar a haɗa 3 a lokaci guda a ajiye ragowar. Lita 2 aka haɗa. Ranar kafawa aka ga an huda ramin soket a gefen da ba shi ba, dole aka yanko sabon allon gefe, fenti kuma ya ƙare. Mai haɗa fenti ya sake haɗawa da ido, yana gwadawa da tsohon allon a bakin shagonsa cikin rana, kuma a can sun yi daidai. Da aka kafa aka kunna fitila, sabon allon ya fi sauran rawaya a fili, a kusurwar da ya haɗu da bayan teburin.

Ba ganda mai haɗin ya yi ba. Ana iya kaiwa ga launi ɗaya ta hanyar gauraya sinadaran launi daban-daban, su yi kama a ƙarƙashin wani haske su rabu a ƙarƙashin wani. Launuka masu sirki da yawa irin wannan kore, da toka, da ruwan ƙasa, su suka fi wannan hali. Gyaran da aka yi shi ne aka haɗa sabuwar lita 2 da awo a kan sikeli, aka rubuta giram nawa na kowane sinadari, aka cire gefe biyu da bayan teburin aka sake fesa su tare. Ba a taɓa gaban durowoyi ba, saboda akwai tazarar inuwa tsakaninsu da gefe, ɗan bambancin ba ya nunawa. Wannan ya jawo jinkirin kwana 10 da kuɗin da ya fi na litar da aka ƙi saya tun farko.

Gindi, mariƙi da kayan da za a ɗora

Gindin teburin bai samu koren ba. Aka ɗora jikin a kan ƙafafun roba masu tsayin santimita 12, aka rufe da zanen alminiyom baƙi da aka tura ciki kaɗan. A gidan da ake mopin kullum, wani lokacin ma a kwara ruwa a ja da tsintsiya, MDF da ya taɓa ƙasa zai kumbura ya fasa fenti ko da mai jure laima ne.

Mariƙan baƙaƙe ne marasa sheƙi, masu tazarar milimita 160 tsakanin ramuka, kuma irinsu aka sa wa kabad ɗin bango. Su da baƙin dutsen ne suka ɗaure fari da kore suka zama kicin ɗaya. An so masu ruwan zinare, kuma da sun dace da koren, amma na arhan rufi ne kawai, gumi da maiƙon hannu suna cinye shi ya yi dabbare-dabbare. Zinaren ya shigo ta wata hanya, ta kulolin abinci da farantan uwargida, waɗanda a kan teburin nan ake jera su da azumi kafin a sha ruwa. Wannan ma dalili ne na ƙin launi mai ƙara a jikin teburin. Kayan kicin sukan sauya duk bayan ’yan shekaru, bana maroon baɗi ruwan hoda, teburin kuwa yana nan.

Gefen da ke kallon taga shi ne zai fara koɗewa, don haka aka sa labule mai tace rana da ake saukewa daga azahar. Sharar yau da kullum tsumma mai laushi ne da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, a fara kaɗe ƙura kafin a jiƙa domin ƙurar hunturu tana da yashi mai karce. Ban da soson ƙarfe, ban da bilic, ban da tina. Ragowar fentin an rufe ta daban da sinadarin ƙarfafawa, an ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, an kuma manna takarda a cikin durowar ƙasa mai ɗauke da lambar RAL, da awon haɗin, da yawan sheƙin, da lambar fitilun.